Filashin Inna Stamena

Inna Stamena ta sauko daga motar safe ta ƙauyensu, ta miƙo titin maƙabarta tana dogara sanda, ba ta tsaya ko'ina ba sai ƙofar shagonmu. Ina ciki ina goge allon kwamfuta da tsumma. Mijina Milisav yana tsakar fili yana yanka dutse, ƙura ta yi masa fari fat har gira.

Duwatsun kabari muke yi a garinmu Negotin. Milisav ke yanka da gogewa, aikin da ya gada wurin mahaifinsa, ni kuma hotuna ne nawa. A kawo mini hoton mamaci, in ɗauke shi da sikana, in gyara haskensa da duhunsa, in tura wa injin zane. Injin wani faffaɗan tebur ne na ƙarfe mai allura ɗaya, bakinta na lu'ulu'u, tana saran baƙin dutse ɗigo-ɗigo har fuska ta fito. Kwamfutar da ke ba shi umarni tun ƙarshen shekarun casa'in muke tare da ita, Windows 98 ce a cikinta, launinta ya koma irin na tsohon haƙori.

"Ke ce Zagorka mai zana matattu?" in ji tsohuwar.

"Ni ce, Inna. Shigo ki zauna. Wa aka rasa?"

"Ba a rasa kowa ba. Ni za ki zana."

Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu. Tsofaffi da yawa sun fi son su ga dutsensu da idonsu, da suna da shekarar haihuwa, a bar gurbin ɗaya shekarar. Ta ce dutsen mijinta Obrad na siminti ne, sanyi ya farfasa shi, tana so a yi sabo na mutum biyu, shi a hagu ita a dama. Ta kwance bakin gyalenta ta fito da hotonsa, ɗan ƙarami mai kunnuwa a lanƙwashe. Mutum ne mai baƙin gashin baki da faɗin kafaɗa, yana kallon mai ɗauka kamar ya ci masa bashi. Bai kai arba'in ba ya rasu, ciwon huhu ya ɗauke shi.

"Naki fa?"

Sai ta sa hannu cikin wuyan rigarta ta jawo zaren gicciyenta. A jikin zaren, kusa da gicciyen, ga wani ɗan abu shuɗi kamar ɗan yatsa.

"Jikata Nevena ce ta zo hutu daga Vienna, ta yi ta bi na da na'ura kamar wata amarya. Kaka tsaya nan, kaka juyo can. Da za ta tafi ta ce duk suna cikin wannan. Na girgiza shi a kunne, ban ji komai ba. Ni dai ban gan su ba, kuma ba na so kowa ya riga ni ganin fuskata. Tare za mu duba."

Na san filash, na ga ɗanmu da shi. Amma ban taɓa soka ɗaya a kwamfutar shago ba. Sai da na durƙusa ƙarƙashin tebur, na jawo akwatin, na haska bayansa da tocila, kafin na ga ramuka biyu 'yan siraran da suka yi kama da bakinsa. Ƙurar dutse ta toshe su, gizo-gizo ya yi gida a kai. Na hure, na sosa da tsinken ashana, na soka.

Kwamfutar ta yi gurnani irin nata, sai ga ɗan akwati ya fito a allo. Turancina bai wuce na maɓallan da nake dannawa kullum ba, amma akwai ƙamus ɗin makarantar ɗanmu a aljihun tebur. Na bi kalma-kalma. Wai ta ga sabon abu an haɗa mata. Har wani suna ta rubuta masa. Sannan ta ce in ba ta faifan da ya zo da shi.

"Inna, da wani faifai aka ba ki shi?"

"Da sumba aka ba ni shi, a kumatu biyu."

Na danna gaba, ta nema, ta ce ba ta samu ba. Na cire na sake sokawa, ta sake yi mini tambayar. Abin da ya tsaya mini ke nan. Ta ji shi, ta san ya shigo, har sunansa ta sani, to me ya hana ta buɗe shi? Kamar baƙo ne ya yi sallama, ka amsa, ka kira sunansa, sannan ku tsaya kuna kallon juna ba mai jin harshen wani.

Milisav ya leƙo yana karkaɗe hula. Da ya ji bayani sai ya ce, "Ki kai wa mai hoto na bakin kasuwa ya wanke miki a takarda, ki sa a sikana. Magana ta ƙare."

"Ka manta matar nan ta bara? Haka muka yi, fuskarta ta fito kamar dafaffen dankali."

"Ai 'ya'yanta ba su yi ƙorafi ba."

"Ni na yi. Kuma ka duba, yanzu kowa da irin wannan abin zai riƙa zuwa. Wa ke wanke hoto kuma?"

Sauya kwamfutar ba ta cikin lissafi. Katin da ke magana da allura wani dogon abu ne da ba ya shiga ramin kowace sabuwar kwamfuta, kamfanin da ya ƙera shi kuma ya daɗe da rufewa. Wurin sa faifan CD ƙura ta kashe shi tuntuni. Ƙofa ɗaya ta rage mata da duniya, ta disket, ɗan faifan nan mai kusurwa huɗu, wanda hoto ɗaya na na'urar zamani ya fi ƙarfin cikinsa.

Inna Stamena ta kwance filashin daga zare ta ajiye mini a tafin hannu, da ɗuminsa.

"Ba gaggawa nake ba, 'yata. Makon nan ba ni da niyyar mutuwa, barkono na jirana a gasa. Ranar kasuwa zan dawo. Amma kin ji abin da na ce, kada a leƙa."

Da rana na kira Velibor. Shi ya tsaya mana a ɗaurin aure, shi ya riƙe ɗanmu ranar baftisma, saboda haka kum ɗinmu ne, ba ma kiran juna da suna, sai kume ga namiji, kumo ga mace. Ya yi ritaya daga ofishin wayar tarho, ba abin da ya rage masa sai kamun kifi a kogin Danube da kwance kayan da ba su lalace ba. Ya iso a kan kekensa, sukurdireba a aljihun gaba.

"Kumo, ina mara lafiyar?"

"Ga ta nan, kume. Tana gani, ba ta ganewa."

Ya soka, ya karanta, ya gyaɗa kai. Ya ce abin da take nema sunansa direba, wata 'yar manhaja ce da ke yi musu tafinta. Sababbin kwamfutoci da tafintansu ake haifarsu. Wannan kuwa an haife ta kafin a san filash a duniya, don haka kowane filash sai ya zo da nasa.

"To ai da sauƙi," na ce. "Mu nemi na wannan."

Ya juya shi a hannu, ya ɗaga tabarau. Babu sunan maƙeri a jiki, sai sunan wani kantin magani na Vienna da lambar waya. Kyautar talla ce.

"Sai dai mu buga musu waya mu ce a haɗa mu da mai maganin tari," in ji shi.

Ya tafi gida ya zauna gaban intanet, washegari ya dawo idonsa na ƙyalli kamar wanda ya kamo babban kifi. Wai ashe ba mu kaɗai ba ne. Akwai wani zaure a intanet da masu tsofaffin injuna ke haɗuwa suna kuka da juna: mai injin saƙa a Poland, mai injin yanka ƙarfe a Brazil, wani likitan haƙori da na'urar hotonsa ta ƙi rabuwa da tsohuwar kwamfuta. A cikinsu wani ya zauna ya harhaɗa direba guda wanda ke jin harshen kusan kowane filash, ya ajiye kyauta.

"Wane ne shi?"

"Oho. Sunan da yake amfani da shi ma ba na mutane ba ne."

"Me zai samu?"

"Ba komai, kumo. Ina jin shi ma abin ne ya tsaya masa."

Na daɗe ina tunanin mutumin nan. Ko yana da mata, ko tana yi masa faɗa ya taso ya ci abinci.

Sharaɗi na farko, sai Windows ɗin ta kasance bugu na biyu. Muka duba, ita ce. Sai matsala ta gaba ta taso: ta ina direban zai shiga? Ta filash ba zai yiwu ba, shi ne ma ake nema wa hanya. Sai disket. Kwamfutar Velibor tana da intanet, ba ta da ramin disket. Tawa tana da ramin, ba ta da intanet. Muka yi ta tambaya a gari har aka ce mana ofishin ƙungiyar manoman inabi na da wata mai duka biyun. Na kwashi disket ɗina a kwalin takalmi muka tafi. Sakatariyar ta ba mu kujera da kofi, tana kallonmu kamar masu neman maganin gargajiya. Disket na farko ya yi ƙara ya ƙi. Na biyu ma haka. Sai can muka samu wani da ya karɓa, direban ya shige da ɗan sauran wuri. Na sa shi cikin jaka na rungume har shago.

Velibor ya zauna, ya naɗe hannun riga, ya danna. Rubutu ya yi ta wucewa. Ta ce a kashe a kunna. Muka kashe, muka kunna. Hoton gajimaren nan nata ya fito, ɗan layin ƙasa yana tafiya, yana tafiya, sai ya tsaya. Muka jira. Allo ya koma shuɗi da farin rubutu.

Daidai nan Milisav ya shigo.

"Mene ne wannan?"

"Tana tunani," in ji Velibor.

"Tunanin me? Kume, dutsen wasu mutane na can a jingine, ranar Asabar ake addu'ar shekarar mamacinsu, ko harafi ɗaya ba a zana ba. Kun kashe mini inji a kan abin da mai hoto zai yi kafin kofi ya huce?"

"Ba ta mutu ba, suma ta yi."

"Kai ma haka ka ce da rediyona."

Ya fita, muka ji ya kunna injin yanka da ƙarfin da ya fi na kullum. Velibor ya ciro takardar da ya buga daga zauren, ya bi ta da yatsa, sai na ga kunnensa ya yi ja. A can sama, da manyan baƙaƙe, an ce kafin a sa direban a fara goge duk wani tsohon abu da kwamfutar ta rubuta game da ramukan nan. Ya tsallake layin saboda ɗoki.

"Wane tsohon abu?" na ce. "Ai ba a taɓa amfani da su ba."

"Sau nawa kika soka filashin nan ranar da aka kawo shi?"

Na soka shi ya fi a ƙirga, a wannan rami da wancan.

Akwai wata hanya da ake tayar da kwamfutar a rabin hankali, ba ta ɗauko komai sai abin da ya zama dole. Ya riƙe wani maɓalli tana tashi, sai ga ta ta farka, launuka sun dusashe, rubutu ya yi manya-manya. Ya shiga inda take jera duk abin da ke haɗe da ita. Ga su nan kuwa, alamomin tambaya masu ruwan ɗorawa, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Kowace sokawa da na yi ta rubuta ta ajiye: wani abu ya zo, ban san shi ba. Wani abu ya zo, ban san shi ba. Har tausayi ta ba ni. Muka goge su duka, muka sake sa direban, muka kashe, muka kunna.

Ta tashi lafiya. Kafin komai na tura wa allura gwaji, ta sari gefen wani guntun dutse, ƙas-ƙas-ƙas. A waje na ji Milisav ya rage ƙarar injinsa.

Sannan na soka filashin Inna. Wannan karon ba ta tambayi faifai ba. Akwatuna suka yi ta fitowa suna ɓacewa da kansu, sai ga sabon harafi ya bayyana kusa da na kullum. Velibor ya buga cinya. Ya kai linzami ya danna, wani akwati ya fito da tambaya, da Ee da A'a. Hannunsa ya riga ya nufi Ee.

"Tsaya, kume!"

A cikin jimlar akwai kalma ɗaya da na sani ba sai da ƙamus ba, don ita nake dannawa in zan wanke disket tas. Kwamfutar cewa take abin nan ba a shirya shi ba, ko in shirya miki? Da ya danna, da Inna Stamena da barkononta da duk hutun Nevena sun tafi.

Ya janye hannu a hankali ya sa a aljihu. "Ki ba ni barasar nan ta rakiya kaɗan," in ji shi.

Na zuba masa a ɗan ƙaramin kofi. Muka zauna muna kallon tambayar. Direban ne bai yi ba? Ramin ne? Ko filashin ne ya lalace a wuyan tsohuwa, da zufa da hayaƙin murhu? Sai na ce, ai da za mu sami wani filashin mu gwada, da mun san inda laifin yake. Velibor ya laluba makullansa. Akwai wani tsoho a jiki, fentinsa duk ya goge, wanda surukinsa ya yar masa. Muka cire na Inna muka soka shi.

Nan take ya buɗe. Hoto ɗaya ne a ciki. Ya sauko daga sama a hankali: sararin sama, hular Velibor, haƙoran Velibor, sannan wani ƙaton kifi mai gashin baki rungume a ƙirjinsa kamar jariri.

Milisav na tsaye a bakin ƙofa, ban san lokacin da ya dawo ba. "Wannan zan zana maka a dutsenka," ya ce. "Kifin kawai. Kowa zai gane."

To direba ya yi, rami ya yi. Saura a san abin da ya bambanta filashin biyu. Velibor ya tafi da na Inna gida, bayan na sa shi ya rantse ba zai buɗe hoto ko ɗaya ba. Da ya dawo ya ce lafiyarsa ƙalau, hotuna na nan. Tsarin da aka jera kayan ciki ne ya bambanta. Nevena ta shirya shi da sabon tsari, tsohuwar kwamfutarmu kuwa tsohon kawai ta iya karantawa.

"Kamar ki miƙa wa Bajamushe takarda da baƙaƙenmu na Siriliki," in ji shi. "Ba zai ce bai iya ba. Cewa zai yi ba a rubuta komai ba."

Bai taɓa na Inna ba. Ya kwafi jakar hotunan gaba ɗaya ya zuba a nasa tsohon, ya ce har jarida ya kare rabin allo da ita don kada idonsa ya faɗa kan wani abu. Matarsa ta shigo ta gan shi haka, ta tambaye shi hoton wace ce yake ɓoyewa.

Ranar kasuwa Inna Stamena ta dawo da kwalbar barkono gasasshe ta dire mini a tebur. Velibor ya zo tun da wuri da riga mai guga. Milisav ma ya sami dalilin neman wani abu a cikin shago. Na mayar mata da filashinta, na nuna mata na Velibor, na yi mata bayanin yadda aka yi.

"Wato an juye ni daga wannan kwalba zuwa waccan," ta ce. "To buɗe."

Hotunan manya ne, kwamfutar kuma ba ta saba da irinsu ba, sai da ta yi nishi kafin na farko ya fara saukowa. Rufin gida, ganyen inabi, baƙin ɗankwali, goshi. Inna ta matso da kujera har hancinta ya kusa taɓa gilashi. Idanu suka fito, sai baki a tsuke, sai hannaye biyu a haɗe kan ciki.

"Wannan ai fuskar zuwa asibiti ce. Wuce."

A na gaba ta rufe ido. Na gaba kaza ta shiga tsakani. A wani tana tsaye da maƙwabciyarta, ta ce a wuce da sauri, ba ta so ta bi ta har can. Kowane hoto sai mun jira shi, ita kuwa ba ta gaji ba, tana ta tambaya. Ina hotunan suke zama in an kashe wuta? In an juye su, na kwalbar farko ba ya raguwa? Velibor yana amsawa iya saninsa, inda ya ƙare ya ce shi ma bai sani ba.

Sai muka zo kan wani da ba ta san an ɗauka ba. Tana zaune bakin murhu a tsakar gida, ɗankwali ya zame baya, ta juyo tana yi wa wani magana, gira ɗaya a ɗage, bakin yana shirin dariya ko faɗa.

"Da wa kike?" na ce.

"Da Nevena mana. Ina ce mata ta ajiye abin nan ta zo ta ɓare barkono." Ta ƙura masa ido. "Ashe haka nake."

Na yanko fuskar, na cire launi, na ɗauko hoton Obrad da na riga na gyara, na jera su yadda za su zauna a dutse, shi a hagu ita a dama. Shi gashinsa baƙi wuluk, wuyansa a cike. Ita kuwa duk shekarun da ta yi bayansa suna nan a fuskarta.

"Kai," ta ce a hankali. "Wannan ai ɗana ne. Duk wanda ya wuce zai ce ga yaro da uwarsa."

"Akwai dabara, Inna. In kina da hoton ƙuruciya, sai mu sa shi. Ko kuma in rage miki a nan."

"Ki rage me?"

"Tamoji."

"Ana iyawa? Yi in gani."

Na ɗauki abin shafawa na bi goshin. Layukan suka narke. Ta ce in ƙara. Na bi gefen ido, na bi kumatu, na cike ramin da ke ƙarƙashin ƙashin kunci. Ta ce in ƙara. Na duhunta gashin da ya leƙo daga ɗankwali. Tana kallo baki a buɗe, kamar mai kallon ɗan dabo. Da na gama, wata mata ce a allo mai santsin fuska, ba za a ce ga shekarunta ba.

Ta daɗe tana dubanta. "Wace ce wannan?"

"Ke ce, Inna."

"A'a. Ni da ina ƙarama ba haka nake ba, na fi wannan kyau. Wannan ban san ta ba, Obrad ma bai san ta ba. Ba zan kwantar da baƙuwa kusa da mijina ba. Mayar mini da kayana."

Na danna komawa baya, sau da yawa, layukan suna dawowa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya fi burge ta fiye da gogewar. Ta sa na sake yi, gaba da baya, tana dariya har da tari.

"Bar shi haka," ta ce daga ƙarshe. "Shi ya yi gaggawa, ba ni ba. Ya ga abin da ya bari na yi ni kaɗai."

Bayan an gama dutsen masu addu'ar shekara muka ɗora nata a tebur. Ta ce sai ta zo ta gani, ta kuwa zo. Na ba ta auduga ta toshe kunne, ta zauna gefen injin da jakarta a cinya. Allura ta fara daga sama tana kai da komo, farar ƙura na tashi. Aikin yini ne, na ce ta je ta huta, ta ƙi. Da aka iso wajen ido ta miƙe ta leƙa, ta ce wa Milisav ya gaya wa abin nan ya bi a hankali a hanci, a danginsu ba a wasa da hanci.

Ranar da aka kafa shi mun tafi ƙauyen da motar shago, ita a gaba tsakanina da Milisav. Maƙabartarsu na kan tudu, ƙasa duk gonakin inabi. Milisav da masu taya shi suka cire tsohon simintin, suka zaunar da sabon, ya ɗora ma'aunin da ke nuna karkata yana bubbuga gefe har ya daidaita. Na wanke fuskar dutsen da soso. Baƙin ya yi sheƙi, su biyun suka fito.

Wata mata da ke share kabarin kusa ta matso da tsintsiyarta, ta dubi dutsen, ta dubi Inna.

"Stamena, ke ce sak. Kamar za ki ce a tashi a yi aiki."

"To me ake jira?" in ji Inna. Ta kunna kyandir ta kafa a gefen Obrad, ta zuba masa ruwan inabi kaɗan a ƙasa. Nata gefen ta share da tafin hannu ta bar shi haka. Sannan ta ce mu biyo ta gida, ta dafa wake tun safe, kuma Milisav ya taho da ma'aunin nan nasa, ƙofar rumbunta ta karkace.